Gudu da Ganewa: Abin da Minti Ɗaya na Karatu Ke Tonawa a Madarumfa

Wanda ya kwana a Madarumfa zai ga karatu iri uku kafin wata asubar ta zagayo. Almajirai ne ke buɗe fage tun duhu bai washe ba, kowa da allonsa a cinya, muryoyi na hawa kan juna, gardawan da suka yi nisa suna zuba tilawa babu tuntuɓe. Da hantsi sai na lakwal ya karɓa: mushe na bin rubutu da sanda a babban allo, yara na amsawa baki ɗaya da Faransanci, gaɓa bayan gaɓa. Na ukun ba a jin sautinsa. Shi ne na saurayin da ke zaune a fada da dare, shayi na tafasa, yatsa na ture saƙonnin WhatsApp sama, ido na bin rubutun Hausa a guje.

Garin yana kimanin kilomita 20 kudu da Maradi, an kuma san shi da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Karatu ba baƙo ba ne a nan. Amma duk waɗannan masu karatu uku, tambaya ɗaya ce ke binsu: idan baki ko ido ya ƙara sauri, ganewa tana biyo shi, ko a baya ake barinta? Amsar da bincike ya bayar ta rabu biyu. Ga yaron da ke koyo, sauri ne ke buɗe masa ƙofar ganewa. Ga babban da ya riga ya iya, saurin da ya wuce kima da ganewar ake biyan kuɗinsa.

Inda jinkiri ke cinye ma'ana

A ɗauki jimla mai kalma 11: "Matan Jiratawa sun kai zogale kasuwar Maradi ranar Litinin da safe." Yarinyar da ke karanta kalma 60 a minti za ta gama ta cikin sakan 11, kuma in an tambaye ta me aka kai kasuwa, za ta ce zogale. Ƙawarta da ke karanta kalma 10 a minti sai ta shafe fiye da minti guda tana haɗa baƙi da wasali. Kafin ta iso "Litinin", "matan Jiratawa" sun ɓace mata. Kowace kalma ta faɗe ta daidai, amma jimlar ba ta taɓa haɗuwa a kanta ba.

Ba rashin basira ba ne. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da wani ɗan wuri da take ajiye abin da ta ji ko ta gani yanzu-yanzu kafin ta sarrafa shi, wurin kuma ƙarami ne, ba ya riƙo da daɗewa. Tamkar mai ɗebo ruwan tafki a tafin hannu ne: in ya yi nawa a hanya, sai ya iso da danshi kawai. Helen Abadzi, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta daɗe tana aiki da Bankin Duniya, ta lissafa cewa wannan ma'aji yana riƙe abubuwa kamar 7 na tsawon sakan 12 ko makamancin haka. Daga nan ta fitar da ma'aunin da ya bazu a ƙasashe masu tasowa, cewa yaro na buƙatar kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ma'anar rubutu ta fara zama masa.

Tun a 1974 wasu masana biyu a Amurka, David LaBerge da Jay Samuels, suka bayyana dalilin. Hankali yana da iyaka. Muddin gane haruffa na cinye shi, babu abin da zai rage wa ma'ana. Sai ranar da ido ya fara ɗaukar kalma ɗungurungum, ba tare da tsayawa tantance ɓ da b ba, sannan hankali ke samun sararin tambayar me ake nufi.

Wannan ne ya sa gwajin da ake kira EGRA, wanda cibiyar RTI International ta tsara a 2006, yake da sauƙi haka. A zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi ɗan gajeren labari, a kunna agogo na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan a yi masa tambayoyi kan abin da ya karanta. An yi shi a ƙasashe da dama da harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma kusan ko'ina abu ɗaya ake gani: yaran da ke jan ƙafa a karatu su ne ke kasa amsa tambayoyin.

Abin da alƙaluma suka nuna

Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga gwajin PASEC na ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. A zagayen 2014, cikin ƙasashe 10, Nijar ce ta zo ƙarshe: kashi 8.5 cikin 100 kacal na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare suka kai matakin da ake ɗauka isasshe a karatu. A zagayen 2019, da ƙasashe 14 suka shiga, adadin ya haura zuwa kusan kashi 30. Ci gaba ne na gaske, amma har a lokacin, cikin yara 10 da suka shekara shida a aji, 7 ba su kai ba. Bankin Duniya kuma a rahotonsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yaran Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan sauƙaƙan rubutu su gane shi a shekara 10 da haihuwa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga mutumin garuruwan yankin, irin su Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma. Saurin karatu ɗan maimaici ne, maimaici kuma yana son lokaci da littafi. A ƙauyuka da yawa ajin zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma na iya tashinsa. Yara sun yi wa malami ɗaya yawa, littafi ɗaya hannu da yawa ke jansa, a gida kuwa da wuya a samu wani rubutu da aka yi domin yaro. Idan aji na amsawa baki ɗaya, wanda bai iya ba yana iya fakewa cikin muryar jama'a har shekara ta ƙare ba a taɓa jin tasa ita kaɗai ba.

Baki na gudu, ma'ana na baya

Akwai kuma wani yaron da agogo ba ya kama matsalarsa. Shi ne ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da zai tashi ya karanta sakin layi na Faransanci tiryan-tiryan, har a tafa masa, amma in aka ce ya faɗi da Hausa abin da ya karanta, sai ya sunkuyar da kai.

Philip Gough da William Tunmer sun bayyana wannan a 1986 da lissafi mai sauƙi. Gane rubutu, in ji su, sakamakon ninka abu biyu ne: iya fitar da kalma daga haruffa, da jin harshen da aka yi rubutun da shi. Tunda ninkawa ce, in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Masu binciken koyon harshe na biyu, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun gano cewa mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya bi shi cikin natsuwa ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50. Yaron da ya shigo CI, ajin farko na firamare, daga gidan da ba a jin komai sai Hausa ko Fulatanci, baƙin kalmomin sun fi na gida yawa a shafinsa.

Rubutun Faransanci ma da kansa yana da nasa tarko. Sauti ɗaya na "o" ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yaran Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Masu harsunan da ake rubuta su yadda ake faɗa, kamar Italiyanci da harshen Finlan, sun karanta fiye da kashi 90 na kalmomi daidai. Yaran Faransa sun tsaya wajen kashi 79, masu Ingilishi kuma kashi 34. Waɗannan fa yara ne da suka sha harshen a nono.

Nijar ta daɗe da sanin haka. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai harshen uwa shi kaɗai ba ya koya wa kowa karatu. Da aka yi gwajin EGRA da Hausa a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2011, mafi yawan ƴan aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, alhali Hausar ce a bakinsu. Daga baya ne aka shigo da shirin Mu Karanta a jihohin biyu, da littafi a hannun kowane yaro da darasi na kullum kan sautin haruffa.

Abin da zaure ya daɗe da sani

Tun kafin a ƙera agogon gwaji, malaman Alƙur'ani sun riga sun rarrabe saurin karatu. Littattafan tajwidi, ciki har da na Ibnul Jazari wanda ya rasu a 1429, sun ambaci matakai uku: tahƙiƙi, karatu a tsanake irin na koyarwa, hadari, karatu da sauri, da tadwiri, wanda ke tsakaninsu. Sharaɗin hadari shi ne kada harafi ya faɗi, kada madda ta gajarce. An yarda da sauri, amma an gindaya masa iyaka.

An kuma gindaya masa wata iyakar ta fuskar ma'ana. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa mai sauke Alƙur'ani a ƙasa da kwana uku ba zai fahimce shi ba. Rabon izu 60, biyu-biyu a kowace rana ta wata, ya zauna daram cikin wannan natsuwa.

Tsarin tsangaya ma hawa-hawa ne. Kolo yana farawa da babbaƙu, ya koma farfaru, sannan ya fara haɗa su, kuma ba a wanke masa allo sai karatun ya zauna a bakinsa. Wannan shi ne maimaicin da masana na zamani ke cewa yana mayar da gane kalma abin da ba ya cin hankali. Ma'ana kuwa an ware mata nata zaman. A makarantar ilimi, ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta ɗan yanki na Larabci ya tsaya, malam ya fassara da Hausa, ɗalibi ya ce "na'am", sannan a ci gaba. Rabin shafi na iya cinye zama guda, ba wanda ke ganin an yi asarar lokaci. A tafsirin azumi ma mutum biyu ke zama, mai jan baƙi da mai fassara, don kowa ya san aikin biyu ne.

Masu sayar da sauri

Ɗalibin lise da ke shirin jarrabawar BAC, ko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maradi, damuwarsa daban ce. Ya iya karatu, takardu ne suka yi masa yawa. Irinsa ne tallan intanet ke nema, masu alkawarin kalma 1,000 a minti ko littafi guda a zama ɗaya.

Kasuwar tsohuwa ce. Evelyn Wood, wata malamar makaranta daga jihar Utah, ta buɗe cibiyar koyar da karatun gaggawa a birnin Washington a 1959, sunanta ya yi tashe har ma'aikatan fadar Shugaba Kennedy suka ɗauki darasin, daga baya Shugaba Carter ma ya ɗauka. Dabarun ba su sauya sosai ba har yau: ka ja ido da yatsa, ka haɗiye layi guda a kallo ɗaya, ka daina komawa baya, ka kashe muryar da ke karantawa a zuciyarka.

Ido kuwa yana da nasa hukuncin. Wajen 1878, a ɗakin binciken likitan ido Louis Émile Javal a Paris, aka lura cewa ido ba ya sulalewa a kan layi, tsalle yake yi yana tsayawa. Kowace tsayawa kusan rubu'in sakan ce, kowane tsalle harafi 7 zuwa 9. Mai karanta Ingilishi yana amfana da harafi 3 ko 4 a hagun inda ya tsaya, da 14 ko 15 a dama, kuma ga mai karanta rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci, faɗin yana juyawa. Tsakiyar ido ce kaɗai ke ganin harafi tangaran. Babu horon da zai sa gefen ido ya karanta layi uku lokaci guda.

Komawa baya ma ba aibi ba ne. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen idon ƙwararren mai karatu baya suke yi, don gyara abin da aka fahimta a karkace. A 2014 Elizabeth Schotter da abokan aikinta a Jami'ar California da ke San Diego suka yi gwaji inda kalma ke rufewa da zarar ido ya wuce ta, sai ganewar masu karatun ta ragu. Muryar zuci kuma, bincike ya nuna tana taimakawa wajen riƙe jimla mai sarƙaƙiya.

A shekarun 1980, Marcel Just da Patricia Carpenter na Jami'ar Carnegie Mellon sun gwada waɗanda aka horar da karatun gaggawa, masu yin kalma 600 zuwa 700 a minti. Sun kama jigon labari, amma da aka zo tambayoyin filla-filla sai suka faɗi ƙasa da masu karatu na al'ada, musamman a wuraren da idonsu bai sauka ba. Babban nazarin da Keith Rayner da abokansa suka wallafa a 2016 ya tattara binciken gomman shekaru ya kai ga matsaya ɗaya: ba a ninka sauri biyu ko uku ganewa ta tsaya yadda take. A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya haɗa sakamakon bincike 190, ya samu cewa babban mutum na karanta Ingilishi a zuci da matsakaicin kalma 238 a minti in rubutun ilimi ne, 260 in ƙagaggen labari ne, 183 kuma in da murya ne. Bahaushe ya ce sauri kan haifi nawa, kuma ɗalibin da ya share babi cikin minti biyar ya dawo ya sake shi sau uku ya ga hakan da idonsa.

Abin da ya rage mai amfani a dabarun shi ne leƙe: bin kanun babi, farkon sakin layi da kalmomin da ake nema, don a san inda za a tsaya a karanta da kyau. Wanda ya san fannin yana cin ribar leƙe, domin abin da ya sani yana cike masa gurbin da ido ya tsallake. Baƙon fanni kuwa ba shi da abin cikewa.

Hausa a kan takarda

Rubutun boko yana da sauƙin koyo domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma tun taron UNESCO na Bamako a 1966 ake ƙoƙarin daidaita shi tsakanin ƙasashe. Amma ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. "Gari" na iya zama na mutane ko na tuwo, "kuka" ta miya ko na hawaye, "wuya" na jiki ko ta rayuwa. "Ya tafi" na iya zama labari, yana iya zama umarni. Mahallin zance ne ke warwarewa, mai karatu kuma yakan buƙaci ya waiwaya kalma biyu baya kafin ya tabbatar. A waya abin ya fi tsanani, inda ake zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata".

Duk da haka, a nan ne ake samun masu saurin karatu na gaskiya. Matan aure da ƴan mata da suka saba da littattafan Hausa na Kano, da a takarda, yanzu a waya, suna cinye shafuka da yawa a dare ɗaya, kuma washegari za su ba da labarin dalla-dalla. Babu wanda ya koya musu dabarar ido. Harshen nasu ne, kalmomin sun sha haɗuwa da su, labarin kuma yana jansu. Wannan ya yi daidai da shawarar da nazarin Rayner ya ƙare da ita, cewa hanyar ƙara sauri ba tare da asara ba ita ce yawan karatu da yalwar kalmomi.

Abin da ke hannun malami da iyaye

Gwajin minti ɗaya ba ya buƙatar kuɗi. Agogon waya da ɗan labari mai kalma 60 sun isa malami ya san wane yaro ke ina, muddin ya bi shi da tambayoyi huɗu ko biyar. Tambayoyin nan su ne ke hana gwajin zama tsere, domin in yara suka gane sauri kaɗai ake yabo, za su koyi gudu a kan kalmomi su bar ma'ana. Jay Samuels ya nuna a 1979 cewa maimaita gajeren rubutu ɗaya sau da yawa, tare da mai gyara kuskure, yana ƙara sauri da daidaito, ribar kuma tana bin yaro zuwa sabon rubutu. Yaya na iya yi wa ƙanensa wannan a tsakar gida cikin minti 10 bayan sallar magariba. Uwar da ba ta yi lakwal ba ma tana da rawar takawa: ta sa a karanta mata, sannan ta ce, "To, ɗana, me aka ce?"

Ga manya kuma, gwaninta ita ce sanin rubutun da ake leƙawa da wanda ake zauna wa. Sanarwar ɗaurin aure a WhatsApp kallo ɗaya ta ishe ta. Takardar cinikin gona, adadin maganin da za a ba jariri, tambayar jarrabawar BEPC, ko bayanin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari da ta shigo ta garin Ɗan Isa da rubutun Ingilishi, waɗannan ana karanta su a tsanake, a maimaita, a nemi wanda ya ji harshen idan kalma ta shige duhu.

A watan Maris na 2025, sabon kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ga yankin da Hausa ce harshen kasuwa da gona da masallaci, matakin na iya cire ɗaya daga cikin manyan shingayen da ke tsakanin yaro da ma'ana. Darasin Sakkwato da Bauchi ya nuna abin da dole ya biyo baya: malaman da aka horar su koyar da karatu da Hausa tun daga makarantar horon malamai ta Maradi, littattafan labari masu hawa-hawa da za su isa hannun kowane ɗan CI da CP daga Jiratawa zuwa Ɗan Isa, lokacin karatu na kullum da ba a taɓa shi, da koyar da Faransanci da baki tun da wuri domin ranar da yaro zai koma karanta shi ya tarar da kalmomin da ya riga ya sani.